Manhajar Malama a Asusun Darakta

Ranar Asabar, goma ga watan Maris na shekarar 2018, aka shigo da kwamfuta gidanmu, aka ajiye ta a kan teburin falo, tsakanin taga da kabad ɗin littattafai. Mu bakwai ne a gidan a lokacin: ni da matata, 'ya'yanmu maza biyu, matar babban, da jikoki biyu. Kafin a ci abincin rana an buɗe asusu biyar a cikinta, kowane baligi da nasa, kowane asusu da kalmar sirrinsa, tamkar gidan haya mai ɗaki biyar. Huɗu daga cikinsu na 'yan haya ne zalla, waɗanda ba su da ikon buga ko ƙusa a bango. Na biyar shi ne na mai gudanarwa, wanda sai da yardarsa ake saka manhaja ko a cire ta, kuma babban ɗana ya riƙe wannan wa kansa, da hujjar cewa shi ya ɗauko na'urar daga kanti.

Darakta ake kiransa, ko da yake ba darakta ba ne. Mataimakin jami'i ne a sashen rajista na wata ma'aikata, inda aikinsa bai wuce ya karɓi fayil, ya buga masa hatimi, ya ce wa mai shi ya dawo jibi ba. Sunan ya samo asali ne tun yana ɗan shekara tara, ranar da ya liƙa takarda a ƙofar ɗakin da suke kwana shi da ƙaninsa, cewa ba a shiga sai da izini. Ƙanin nasa kuma Injiniya ake ce masa. Ya yi shekara biyu a tsangayar injiniyanci, tsangayar ta gode masa ta sallame shi, yanzu yana sayar da injin jan ruwa. Na shafe shekara talatin da huɗu ina koyar da tarihi, na karanta labarin masu mulki iri-iri, amma ban gane yadda ƙanƙanin iko yake cika ƙanƙanin mutum ba sai da na gan shi a falona, sanye da silifas.

Matata, wadda kowa ke kira Malama, ta shugabanci makarantar firamare har ta yi ritaya. Mace ce da ba ta taɓa shan shayin safe babu jarida a gefen kofinta ba, kuma takan gyara kuskuren 'yan jarida da jan biro kamar za ta mayar musu. Hawan jinin ido ya riga ya cinye mata idon hagu, na daman kuma yana tafiya. A farkon Afrilu likita ya gaya mata gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: abin da ya rage mata na gani ba zai kai ƙarshen shekara ba.

Autarmu, wadda nas ce a wani gari mai nisa, ita ta samo mafita. Wata ƙungiya mai taimaka wa masu lalurar ido ta ba ta manhaja da ke karanta wa mutum duk abin da ke kan allo da murya. Sai dai kafin makaho ya iya sarrafa ta, dole yatsunsa su haddace madannai, shi ya sa aka yi mata darasi arba'in. Darussan sukan nuna harafi ƙato, rawaya a kan baƙi, murya ta faɗe shi, mutum ya nemo shi da ido ya danna, a hankali har yatsa ya daina jiran ido. Ma'ana, an gina su ne domin wanda yake da sauran gani. Manhajar ta zo da lambar izini guda ɗaya, wadda ake amfani da ita sau ɗaya tak. Auta ta karanto mana lambar ta waya, ta maimaita wannan gargaɗi sau uku.

Ina tsaye a bayan Darakta ranar da ya saka ta. Da aka kai tsakiya, na'urar ta tsaya ta yi tambaya cikin Turanci mai sauƙi wanda ɗan aji huɗu zai fahimta: a saka wa wannan asusu kaɗai, ko a saka wa duk masu amfani da kwamfutar?

Na ce, "Na biyun za ka zaɓa. Na kowa."

Ya ce, "Baba, ba haka tsarin yake ba. In aka buɗe wa kowa, gobe yara su shiga su ɓata."

"Yaran ba su da asusu. Kai ka hana su."

"To ai ka gani, saboda tsaro. Komai sai ya biyo ta hannun mai gudanarwa."

"Uwarka ce za ta yi amfani da ita, ba mai gudanarwa ba."

Ya yi ɗan murmushin da nake zaton shi yake yi wa tsofaffin da ke zuwa neman fayil ɗin fansho. "Baba, wannan fa ba tarihi ba ne. Ka bar mana namu."

Ya danna na farko. Manhajar ta zauna a asusunsa, lambar ta ƙone a can, asusun Malama kuwa ya kasance fayau, babu komai a kansa sai hoton wani tsauni da kwandon shara.

Daga ranar, karatun Malama ya koma hannun jadawalin ɗanta. Yakan fita da safe da kalmar sirrinsa a ka, ita kuma ta wuni da kwamfuta a gabanta kamar rufaffen kanti. Safiya ce lokacin da idonta ya fi gani, hasken taga na taimaka mata. Amma sai ya dawo da yamma, ya yi wanka, ya ci abinci, ya duba wayarsa, sannan ya zo ya sa tafin hannu ya kare madannai, ya buga kalmar, kamar mace mai rabin ido za ta leƙa ta sace. Sai ya ja kujera ya zauna a gefenta yana duba agogo.

"Mama, saura minti biyar, ina da aikin ofis."

Takan ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara mana biyu. Ban sami harafin ba tukuna."

Ba ya jin ba'ar da ke ciki. Ina ganin ma daɗin gaisuwar yake ji.

Aikin ofis ɗin na san shi, domin falo ɗaya muke zama. Wasan kati ne na kwamfuta, da kallon motocin da ba zai saya ba. Wata ranar yana da taro, wata ranar ya gaji, wata ranar ya tafi ɗaurin gwiwar wani shugabansu da ya yi targaɗe. A mako shida Malama ta kai darasi na tara, alhali da an bar ta da safiyarta, macen da ta koya wa dubban yara haruffa, da ta wuce na talatin.

Na roƙe shi ya ba ta kalmar sirrin. Ya ce akwai bayanan gwamnati a asusun. Na tambaye shi wace gwamnati ce za ta ajiye sirrinta a falonmu kusa da kwalbar man zafi, ya ce ba zan gane ba. Auta ta bugo ta ce ta yi magana da ƙungiyar, kuma gyaran ba shi da wuya: akwai ma'aikacinsu da zai shiga ta intanet ya mayar da manhajar ta kowa cikin rabin sa'a, in dai Darakta zai buɗe masa asusunsa a lokacin aiki. Darakta ya miƙe tsaye da wayar a kunne.

"Baƙo? A asusuna? Auta, kin san abin da kike faɗa kuwa? Allura kika iya, ki tsaya a allura."

Muna jin muryarta daga wayar: "Yaya, idon Mama ne fa ke tafiya!"

"Na sani. Ina duba lamarin."

Ya yi mako guda yana duba lamarin. Matarsa, mace mai hankali wadda Allah ya jarraba da shi, ta gwada sa baki, ya ce mata harkar na'ura ba girki ba ce.

Ranar Lahadi, ashirin da bakwai ga Mayu, muna kan abincin rana, Malama ta ajiye cokali. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa buƙatar haka ba.

Ta ce, "Jiya na ga agogon bangon nan. Yau da safe na duba, sai farin abu kawai nake gani, babu hannaye. Kai da ke duba lamari, ka gaya mini ranar da za ka gama, in san ko zan jira ka."

Darakta ya fara gyara murya, alamar jawabi na tafe, sai Injiniya ya riga shi. Tun da aka fara wannan magana bai taɓa sa kansa ba, saboda a ganinsa ƙaramar matsala ce da ba ta kai a kira shi ba.

"Wai duk a kan wannan ake ta ja-in-ja? Haba! Minti biyu ne. Yaya, buɗe mini."

"Me za ka yi?"

"Ɗauke ta zan yi daga ɗakinka in kai ta ɗakin Mama. Kai ka huta, ita ta huta. Ba baƙo, ba kowa."

Wannan ya yi wa Darakta daɗi, domin babu baƙo a ciki, kuma ba a ce ya yi kuskure ba. Suka tashi da hannayen da ba su gama wankewa ba. Ya kare madannai, ya buga kalmarsa. A kan allon akwai ɗan tambarin manhajar, hoton ido mai ruwan shuɗi, da 'yar kibiya a gindinsa. Injiniya ya kama linzamin kwamfutar, ya ja tambarin ya jefa cikin jakar da dukkan asusun ke iya gani. Aka fita daga asusun Darakta, aka shiga na Malama, ya jawo tambarin ya ajiye shi a ƙarƙashin tsaunin.

"Shi ke nan. Mama, ga kayanki sun iso."

Ni ba masanin na'ura ba ne, amma na yi shekaru ina aiki da laburare, na kuma san bambancin katin da ke nuna inda littafi yake da littafin kansa. Na ce, "Wannan 'yar kibiyar alama ce cewa tambarin nuni kawai yake yi. Allon kanti ka ciro ka kafa a ƙofar uwarka. Kantin yana inda yake."

Injiniya ya yi dariya. "Baba ke nan. Danna ka gani."

Aka danna. Wani ɗan akwati ya fito ya ce ba a da izinin isa wurin da abin yake. Na yi zaton nan maganar za ta tsaya. Na manta cewa mutumin da aka sallama daga tsangaya ba ya rasa bayani. Ya karanta saƙon sau biyu, ya gyaɗa kai kamar likitan da ya ga abin da yake zato.

"Yauwa. Na san za a rina. Ba Auta ta ce lambar ta mutum ɗaya ce ba? To ga ta nan a wuri biyu, shi ya sa ta ƙi. Kamar injin ruwa ne, ba ya jan rijiya biyu lokaci guda. A cire ta Yaya, ta Mama za ta tashi."

Darakta ya ce, "Magana ta hankali. Ba a ajiye fayil ɗaya a sashe biyu."

Wannan ne karo na farko cikin shekaru da na ga sun yarda da juna a kan wani abu, kuma da na san abin da yardar tasu za ta haifar, da na fi son faɗansu.

Na ce, "Kada ku cire komai. A kira Auta."

"Tana bakin aiki, Baba."

"A jira ta tashi."

"Mama ta ce ba ta son jira," in ji Darakta, yana mai jin daɗin cewa ya kama ni da maganar uwarsa.

Malama na zaune a kujerarta, fuskarta na fuskantar taga. Ta ce, "Ku ji maganar ubanku." Amma sun riga sun koma asusun mai gudanarwa, kuma a can babu muryar da ke isa sai tasu. Na zagayo teburin da saurin da gwiwoyina suka yarda da shi. Na iske na'urar ta sake tsayawa tana tambaya, a karo na biyu cikin wannan tarihi, da Turancin da bai fi na farko wuya ba: cirewar za ta share lambar izini da duk darussan da aka yi, an tabbata? Har da jan rubutu.

"Karanta," na ce. "Don Allah karanta abin da ke gabanka."

"Baba, duk haka suke rubutawa. Ka'ida ce kawai."

Ya danna kamar yadda yake buga hatimi, har da ɗan ɗaga hannu a ƙarshe. Wani koren layi ya tafi daga hagu zuwa dama. Aka koma asusun Malama. Shuɗin idon ya ɓace daga tambarin, ya zama farar takarda babu komai a kanta, 'yar kibiyar dai tana nan tana nuna inda babu kowa. Injiniya ya danna. Ya sake dannawa. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya zare wayar wuta ya hura mata iska ya mayar. Ya buga gefen allon da tafin hannu, wanda ina jin shi ne iyakar abin da ya fito da shi daga shekara biyunsa a tsangaya.

"Ya tashi?" in ji Malama.

Matar Darakta ta tattara kwanuka ta shige kicin, na ji ta buɗe famfo da ƙarfi.

"Na ce ya tashi?"

"Yana ɗan lodi ne, Mama," in ji Injiniya.

Ta ce, "Na yi shekara talatin ina jin yara suna cewa sun manta littafin aikin gida a gida. Muryarka ba ta canza ba."

Da yamma suka gwada sake saka manhajar. Ta nemi lamba, suka ba ta, ta ce an riga an yi amfani da wannan. Auta ta yi kuka a waya, sannan ta faɗa wa yayyenta maganganun da ban hana ta ba. Ƙungiyar ta ce za a ba da sabuwar lamba, amma lambobin ƙidayayyu ne, akwai mutane da yawa a gaba, sai an bi layi. Darakta, wanda rayuwarsa kaf a kan sa mutane bin layi take, ya ce wannan rashin tsari ne da wulaƙanci.

Kwana uku suka yi suna jifan juna. Babban ya ce ƙaramin ne ya kawo shawara, ƙaramin ya ce babban ne ya danna. A rana ta huɗu suka sasanta, suka haɗu a kan cewa laifin na waɗanda suka ƙera manhajar ne, tunda ba su yi ta yadda mai hankali zai gane ba. Daga baya na ji Darakta yana gaya wa wani baƙo cewa manhajar ce ta lalace da kanta bayan mako biyu, dama irin kayan kyauta ba su da inganci. Na gyara masa a gaban baƙon: mako bakwai ne, kuma ba ta lalace ba, cire ta aka yi, ranar Lahadi, da ɗan yatsan hannun dama. Ya ce Baba ya tsufa, komai sai ya mayar da shi tarihi.

Injiniya ya samo wasu manhajoji na kyauta ya cika asusun Malama da su, da izinin mai gudanarwa, wanda a wannan karon aka bayar cikin gaggawa. Dukansu suna magana, babu mai koyarwa. Wata ta yi ta zuba da sauri kamar mai tallan magani a tasha, har Malama ta ce a kashe ta.

Abin da ta yi bayan haka shi ne ta sa aka zare mata madannan daga jikin kwamfutar, ta ɗora su a cinya. Kowace safiya takan zauna kusa da taga tana bitar darussa taran nan, tana faɗin harafi da bakinta tana dannawa, ni kuma ina duba ko daidai ne. Layin tsakiya da rabin na sama ta sani, ba ta kuskure ko ɗaya. Na yi ƙoƙarin ƙara mata sauran, amma ni da yatsa biyu nake bugawa, kuma ban san tsarin da darussan suke bi ba. Na rubuta mata haruffa manya a kwali. A watan Yuli tana ganinsu in na matso da su. A watan Satumba ta ce in daina wahalar da hannuna.

Wata safiya Darakta ya tsaya a kanta da jakarsa a hannu, ya ce, cikin muryar mai yin alheri, ya yanke shawarar ba ta kalmar sirrinsa, ko da za ta buƙaci wani abu.

Ta ce, "Riƙe abarka, ranka ya daɗe. Kada sirrin gwamnati ya fita ta hannuna."

Sabuwar lambar ta iso ranar sha tara ga Nuwamba. Auta ta ɗauki hutu ta zo da kanta, ta sa yayanta ya buɗe asusunsa ya koma gefe, ta saka manhajar, ta zaɓi ta kowa. Duka aikin bai kai minti goma ba. Aka zaunar da Malama, aka fara daga darasi na goma. Muryar ta ce ta dubi harafin rawaya da ke kan allo. Malama ta juya fuskarta wajen da muryar ke fitowa, sannan ta tambayi Auta ko an kunna allon. An kunna. Ta miƙa mini hannu, na kai ta kujerarta.

Tun daga ranar ni nake karanta mata jarida da safe, ita kuma tana tsayar da ni in ta ji kuskure, in ja layi da jan biro. A watan Janairun da ya biyo baya aka ƙara wa Darakta girma a wurin aiki, aka ba shi kula da kwamfutocin sashen rajista.